Na'urar wasan da ke zaɓen faifai

A watan Disamba abin ya faru, hunturu ya kankama a Tahoua, irin lokacin da in ka share ƙofar shago da safe, kafin azahar iska ta mayar maka da ƙurarka. Ina da ɗan shagon cajin salula da sayar da kati kusa da tasha. Ƙanena, wanda ke taya ni zama in ya taso daga lakwal, ya daɗe yana damuna: “Yaya, mu sa tele da wasa a rumfar nan, yara su riƙa biyan dala biyar-biyar.” Ina ta yi masa hanya-hanya, sai ga wani abokin fadarmu ya dawo daga Abijan, kun san mu Adarawa da tafiyar nema. Cikin kayan da ya zo da su har da PlayStation 2, babbar mai kauri, baƙa, da manet biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasa, da katin ajiya mai mega 8, da faifai bakwai kowane cikin gidansa. Ya ce shi ma wajen masu saida gwanjon kayan Turai ya same ta.

Muka jona ta da tele a fada, muka sa faifai ɗaya, wasan dambe, Tekken Tag Tournament. Nan take ya tashi. Yara suka yi ihu, ni kuma na ƙirga masa jika ashirin. Faifai ɗaya tal na gwada cikin bakwai, kuma ba wanda ya hana ni gwada sauran. Shi mai kayan ma cewa ya yi in gwada, na ce ai tsakaninmu babu haka.

Washegari da yamma ƙanena ya sa wasan ƙwallo, PES 6, wanda saboda shi ne ma aka yi cinikin. Faifan ya yi ta juyawa, kana jin wani ƙis-ƙis-ƙis daga ciki kamar ɓera na cin kwali, allo bai nuna komai ba sai hayaƙin nan mai shuɗi. Bayan kusan minti biyu sai rubutu ya fito da Faransanci cewa an kasa karanta faifai. Ya fitar, ya hura masa iska, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. A karo na huɗu ya tashi. Aka buga wasa uku lafiya, a na huɗu ya tsaya cik a wurin zaɓen ƙungiya. Wasan tseren motoci kuwa, Gran Turismo 4, ko sau ɗaya bai tashi ba. Kafin mako ya zagayo ƙanena ya ƙara da nasa: ya sayo faifai uku a kasuwa, dala ɗari-ɗari, wani ɗan ajinsu kuma ya ba shi ɗaya da aka kawo daga wajen Konni. Duka huɗun na'urar ta ƙi su. Sai dai su ba rubutun kasa karantawa take fitar musu ba, allon ne ke rikiɗewa ya yi ja.

Shawara kuwa na sha ta a fada. Wani ya ce a goge faifan da man goge haƙori. Wani ya ce a kife na'urar. Wani ya ce a tsayar da ita a tsaye, wannan ma har na gwada, don an yi ta ne ta iya zama a kwance ko a tsaye, kuma PES ya ɗan fi saurin tashi kwana biyu kafin ya koma halinsa. Wani kuma ya ce abokina ya cuce ni, in mayar masa da kayarsa. Wannan ban saurara ba.

Abin da ya buɗe mini ido dare ɗaya ne da aka ɗauke wuta, babu caji babu ciniki. Na zauna da cocila na baje faifan nan goma sha ɗaya bisa tabarma, na kife su duka. Sai na lura bayansu ba launi ɗaya ba ne. Biyu shuɗaye ne masu duhu. Ɗaya baƙi ƙirin, ashe na tsohuwar PlayStation ta farko ne. Uku farare kamar azurfa. Na motocin ya ɗan ja zuwa ruwan zinariya in ka karkata shi. Na kasuwa ukun bayansu ruwan hoda mai duhu ne, samansu kuma da alƙalami aka rubuta sunan wasa. Na Konni fari ne, na asali, cikin gidansa mai kyau. Na ɗauko littafin bashi na shago, na ja layi a shafin baya, na rubuta kowane faifai da launinsa da abin da na'ura ke yi in an sa shi. Da na gama sai na ga abin ya jeru da kansa: shuɗaye da baƙi ba su taɓa ƙi ba, farare sai an yi ta lallashi, mai ruwan zinariya bai taɓa tashi ba, masu jan allo kuma duk baƙi ne da ba su zo tare da na'urar ba.

Jan allon na fara bi, don shi ya fi sauƙi. A bayan na'urar akwai takarda mai lamba, tawa SCPH-39004. Lambar ƙarshen ita ke faɗin yankin da aka yi wa na'urar: 4 ta Turai ce, 1 ta Amurka, 0 ta Japan. Faifan ma haka, kowane da hatiminsa a gaban gidansa. Bakwai ɗin da suka zo tare da ita duk PAL aka rubuta musu, tsarin Turai. Na Konni kuwa NTSC U/C ne, na Amurka. Na'urar Turai ba ta karɓar wasan Amurka ko da sabo ne fil daga leda, haka aka ƙera ta. Kwafin da aka ƙona a kwamfuta ma ba ta karɓa, sai in an dasa mata ƴar guntuwar nan da masu gyara ke kira “pus”. Yawancin na'urorin da ke rumfunan wasa a garin nan an dasa musu, shi ya sa ƙanena ya ɗauka kowane faifai na shiga kowace na'ura. Tawa hatimin kamfani ma yana nan a jikinta, ba a taɓa buɗe ta ba. Ke nan faifai huɗu cikin waɗanda muke kuka da su ba ciwo ba ne, na'urar aikinta take yi. (A nan na gode wa Allah da ta Turai ce. Da ta Amurka ce mai cin wuta 120, muka jona ta kai tsaye da tamu ta 220, da tun a fada an yi jana'izarta.)

Saura fararen uku da na motoci. Na kai su rumfar wani mai wasa a unguwarmu na roƙe shi ya gwada a tasa. Biyu suka tashi ba gardama, na motocin ma ya tashi. Na ukun, wani wasan yaƙi, ya tashi amma ya maƙale bayan hoton farko, daidai inda yake maƙalewa a tawa. Da muka duba shi a rana sai ga wani zane mai zurfi da ya bi da'irar faifan, kamar an ja shi da ƙusa. Irin wannan ya fi zanen da ya ratsa daga tsakiya zuwa baki illa, saboda bayanan a jere suke cikin da'ira, daga ciki zuwa waje, zanen da ya bi layin yana cinye dogon yanki a jere. Shi ya sa ake goge faifai daga ramin tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, kuma da tsumma mai laushi, ba da gefen rigar da ta sha ƙurar Tahoua ba. Wannan faifan ya mutu, na cire shi daga lissafi.

Yanzu ciwon gaskiya ya rage: faifai uku lafiyayyu da wata na'urar ke karantawa, tawa tana ƙi. Sai na nufi wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da tele a bakin kasuwa, wanda tun muna yara muke ganinsa da tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi, na nuna masa shafin littafin bashina. Ya duba ya yi murmushi.

“Ɗana, kai ka yi rabin aikin. Mutane na zuwa su ce mini ba ta karatu, in ce wane faifai, su ce duka. Ba duka ba ne.”

Ya yi mini bayani yana zane da ƙusa a ƙasa. Shuɗayen faifai da baƙin nan CD ne, fararen DVD. Idon da ke karanta faifai ɗaya ne a cikin na'urar, amma haske iri biyu yake fitarwa: na CD mai tsawon zango nanomita 780, wanda idon mutum ba ya gani sosai, da na DVD mai 650, ja. CD na ɗaukar mega 700 ne, DVD kuwa giga 4.7 a faɗi ɗaya, don haka rubutunsa ya fi ƙanƙanta, layukansa sun fi matsuwa fiye da ninki biyu. Ƙura kaɗan ko rauni kaɗan a hasken, DVD ne zai fara ƙi alhali CD na tafiya. Na motocin kuma hawa biyu ne, giga 8.5, sai hasken ya ratsa hawan farko ya kai na biyu ya dawo, abin da ke dawowa kuma kaɗan ne. Shi ya sa in ido ya fara gajiya, irinsa ke fara faɗuwa.

“To Baba, a canza idon ke nan?”

“Mi kake gaggawa? Tafi ka wanke shi tukuna. Alkol na farmasi, mai 90, da auduga a tsinke. Kada ka sa mai, kada ka sa turare. Kuma ka zare waya daga bango kafin ka taɓa komi.”

Ya kuma nuna mini wani abu da ban sani ba: a allon farko in ka danna maɓallin alwatika na manet, ka shiga wurin bayanin na'ura, akwai zaɓin da ke sa ta gwada daidaita idonta da kanta kafin ka sa faifai. Na gwada da na koma. PES ya tashi a karo na biyu maimakon na huɗu, amma da an kashe na'ura zaɓin ke komawa yadda yake, kuma na motocin ko gezau.

Daren Juma'a na buɗe ta. Kusoshin a ƙarƙashi suke, ɓoye a bayan ƴan robobin ƙafa da murfuna masu kusurwa huɗu, sai ka ɓanɓare su da bakin wuƙa. In za ka ɗaga murfin sama ka yi a hankali, akwai wata siririyar igiya mai faɗi kamar ganyen kaba da ta haɗa maɓallan kunnawa da cikin na'urar, in ka fizga ta tsinke ka ƙara wa kanka aiki. Abin da na gani a ciki ya ba ni dariya. Fankar baya ta yi gemu da ƙura iri biyu: ta ƙasa toka-toka mai laushi haɗe da gashin mussa, wannan daga gidan wani Bature ta zo, ta sama kuma ja, tamu ta Adar, wadda ta taru cikin mako uku kacal. Na cire ƙaramin murfin da ke rufe ɗakin faifai, sai ga idon. Bai fi ƙwayar dawa ba, yana ƙyalli shuɗi-shuɗi in haske ya taɓa shi, a zaune bisa wasu siraran wayoyi, ko numfashi ka yi kusa sai ka ga kamar ya motsa. Na tsoma auduga a alkol, na matse, na shafa a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Audugar ta fito da ɗan jan tabo. Na sake da busasshiya. Sandunan ƙarfe biyu da idon ke zamewa a kansu ma man jikinsu ya daskare ya zama kamar ƙullun tuwo, na goge na sa ɗan sabon giris.

Na mayar da ƙaramin murfin, don a jikinsa maganaɗisun da ke danne faifai yake, in babu shi faifan ba ya zama. Na kunna. PES ya tashi cikin daƙiƙa kaɗan, ɗaya farin ma haka. Ƙanena ya yi tsalle. Na sa na motoci, ya yi ƙis-ƙis, ya nuna tambarin farko, wanda bai taɓa nunawa ba, sannan ya tsaya.

Da na tsaya nan na rufe na'urar, da na kwana lafiya. Amma akwai wani farin faifan roba mai haƙora a bayan ɗakin faifai, wanda na ji ana cewa shi ke ɗaga ido ko sauke shi. Gaskiya ne, yana gyara karkatar sandar da idon ke bi. Abin da ya kamata shi ne ka sa masa alama da alƙalami kafin ka taɓa, don ka san inda za ka dawo. Ni ban sa ba. Na juya shi haƙori uku, ba canji. Na ƙara biyar. Na ƙara. Can sai na ji ƙas, ya zagayo ya faɗa ƙasa gaba ɗaya. Na sa PES, ya ƙi. Na sa na dambe, wanda bai taɓa ƙi ba tun da aka saye ta, shi ma ya ƙi. Ƙanena ya dube ni bai ce komai ba, wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Har ƙarfe ɗaya na dare ina abu ɗaya: juya haƙori biyu, mayar da murfi, kunna, jira, kashe, cire murfi. A tsakiya aka ɗauke wuta kusan awa guda, na zauna cikin duhu da turnabis a hannu ina jin sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Da ƙyar na samu wurin da shuɗaye da farare duk suke tashi, na ɗiga masa jan farcen matata don kada a sake. Na motocin dai yana nan kan bakansa.

Na koma wajen Baba ranar Lahadi, ranar kasuwa, na same shi da jama'a, na jira. Da na ba shi labarin farin faifan roba sai da ya cire tabarau ya share hawayen dariya. Sannan ya kife idon ya nuna mini wasu ƴan maɓallai biyu ƙanana a ƙarƙashinsa, ɗaya na CD ɗaya na DVD. In an rage musu juriya, wuta ta ƙaru, haske ya ƙara ƙarfi. Ya ɗora mitarsa ya auna na DVD, ya rubuta lambar a bango da alli kafin ya taɓa, yana kallona ta saman tabarau don in gane. Ya juya shi kaɗan ƙwarai, abin da ido ba zai ma gani ba, ya sake aunawa. Na motocin ya tashi, har muka ga mota a kan layi. Na ce a ƙara kaɗan don ya zauna da gindinsa.

“A'a. Garin neman gira a rasa ido. Wanga kamar ka yi wa tsohon jaki bulala ne, zai yi sauri yau, amma ka rage mishi kwana. In ka matsa, hasken ya ƙone, ko CD ba ka ƙara gani. Ka nemi sabo tun wanga na numfashi.”

Gaskiyarsa. An fara sayar da PS2 a shekarar 2000, aka daina ƙera ta a farkon 2013, an sayar da fiye da miliyan 155 a duniya. Irin tawa mai kauri ta girmi siririyar da ta fito a 2004, ke nan idon ya haura shekara ashirin yana aiki. Amfanin yawan da aka sayar shi ne har yau ana samun kayan gyaranta. Baba ya ce kada in yi oda da lambar na'ura kawai, in karanta wadda ke jikin idon kansa, don akan samu na'urori masu lamba ɗaya da ido daban-daban. Nawa KHS-400C ne. Na ɗauki hotonsa na tura wa ɗan kawuna da ke Yamai ta WhatsApp. Ya yi yawon kwana biyu tsakanin Katako da Babbar Kasuwa kafin ya samu, ya naɗe shi cikin tsohuwar safa da kwalin shayi, ya ba da saƙo a motar safe. Ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Konni, na karɓa a tasha bayan la'asar. Da kuɗin ido da na aike, jika bakwai suka tafi. Kafin ya iso kuwa, kwana goma sha biyu da juyin Baba, na motocin ya soma ƙi kuma.

Na ce wannan karon da kaina zan sa. Ba wuya: ka saki sandar, ka zare igiyar mai faɗi daga maƙallinta, ka cire ɗan hannun roba da ke kama dogon ƙarfe mai zare daga tsohon ido ka ɗaura wa sabo, ka mayar. Na yi duk wannan, na kunna. Babu abin da ya karanta. Ba shuɗi, ba fari, ba baƙi. Faifan ma ɗan motsi yake yi ya tsaya. Na kira ɗan kawuna na fara faɗa, na ce an sayar masa da mataccen kaya. Ya ce shi dai a leda a rufe aka ba shi.

Da safe na ɗauki na'urar a buɗe cikin kwali na kai wa Baba. Bai ma kunna ta ba. Ya zare idon, ya kawo shi kusa da tabarau, ya nuna mini wani ɗigon dalma a gefen allonsa, bai kai kan ashana ba, ya haɗe wurare biyu.

“Ka ga wanga? Makulli ne. Masu ƙerawa ke sa shi don kada wutar da ke jikin hannu ko leda ta kashe hasken a hanya. Sai an cire shi ido ke gani.”

Ya ɗora ƙarfen dalma a kai daƙiƙa biyu, ya share, ɗigon ya rabu. Dala arba'in ya karɓa, ya ce na shayi ne. Muka sa na motoci, ya tashi tun kafin in gyara zama. A nan gaban Baba na sake kiran ɗan kawuna na ba shi haƙuri, ya ce sai na aiko masa da cuku kafin ya yafe.

Baba ya tambaye ni ko a dasa mata pus, don faifan kasuwa da na Konni su shiga. Ya faɗa mini gaskiya cewa faifan da aka ƙona ba ya mayar da haske kamar na asali, ido ya fi wahala a kansa, balle irin mai arha da ake zubawa a tire a rana. Akwai kuma masu sa wata manhaja a katin ajiya su riƙa tayar da wasa daga kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake sokawa a ramin USB, ido ya huta gaba ɗaya, sai dai ramin USB na PS2 tsohon tsari ne, 1.1, mai jan ƙafa, hotunan bidiyo na cikin wasa sukan yi ta sarƙewa. Na ce a bar ta haka tukuna, jika bakwai ɗin ba su gama yi mini zafi ba. Na kai wa tela ragowar atamfa ya ɗinka mata riga, da an kashe ta a rufe. Na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora bisa kanta, bayanta nesa da bango don fanka ta samu iska. Faifai kuma ni kaɗai ke sawa da cirewa, yaro ya taɓa ya bar rumfar ranar.

Ƙanena ya yi musayar faifan Amurka da wata tsohuwar manet wajen mai rumfar unguwarmu. Na kasuwa ukun ya rataye su da zare a bakin rumfa, wai suna korar tsuntsaye. Yara kuwa tun daga ranar har yau PES kawai suke nema, wanda tun daren da na goge ido da audugar dala biyu yake tashi. Na motocin da na kashe wa jika bakwai da kwana biyu ba barci, ba yaron da ya taɓa tambayarsa. Ni ke sa shi bayan sallar isha'i in na rufe shago, kuma har yanzu ban ci jarrabawar lasin ɗin farko ba, kullum a wurin taka birki nake wuce layi.